"Rabin bursi" a jami'ar kuɗi: waɗanda sunka biya su faɗa muna yadda ta kaya

Mai sayen albasa, Tawa

Assalamu alaikum jama'a, ina gajiya. Shawara nike nema wurin waɗanda sunka riga mu shiga wannan ruwa. Yarinyar wajena, ta farin, ta ci bak D, jarrabawar gama lise ta fannin kimiyya, bana da maki 11 da ƴan kai cikin 20, alhamdu lillahi. Aikin lafiya take so, ungozoma ko laboratuwar. Jami'armu ta Djibo Hamani kuwa an fi sanin ta da shari'a da tattalin arziki da aikin koyarwa. Shekaranjiya wata makarantar kuɗi ta Yamai ta kira ta a waya, sunka ce ta samu rabin bursi: kuɗin shekara jikka 600, mu jikka 300 za mu biya. Uwarta har ta yi guɗa. Ni ko ɗan kasuwa ne, Galmi nike sayen albasa in kai gaba, kuma a sana'armu in mutum ya rage maka rabi tun ba ka taya ba, sai ka kwance buhun ka duba ƙasansa. Wanda ya biya irin wannan kuɗi da hannunsa, don Allah ya gaya mini nawa ya kashe tsakani da Allah.

Tsohuwar ɗaliba, Yantala

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sanya albarka. Ni ma haka aka kira ni, kuma har na yi sati ina jin kaina a sama. Sai da muka yi wata biyu a aji, muna hira wajen mai ƙosai, aka fara tambayar juna, ashe a cikinmu babu ko mutum ɗaya da ke biyan cikakken kuɗin. Wannan rabi, waccan rabi, wata ma kashi 60 aka rage mata don babanta ya iya ciniki. Wato kuɗin da ke rubuce a takardar talla ba na biya ba ne, na ragewa ne.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne abubuwan da bursin bai shafa ba. Kuɗin rajista jikka 50 kowace shekara, ba a rage ko dala. Kayan makaranta kala biyu, dole a wurinsu za ka saya. Farar riga ta asibiti, kuɗin sitaj na koyon aiki, kuɗin jarrabawa, fotokopi kullum kamar cefane. Shekarar ƙarshe ga kuɗin kare memuwar, wato kundin binciken gama karatu. Sannan babbar: ashe bursin na shekara ɗaya ne, sai ka samu maki 12 za a sabunta maka. Ba wanda ya faɗa mana wannan a ranar rajista. Na samu 11 da rabi, shekara ta biyu aka ce in biya duka. Ranar da aka tsayar da ni a ƙofar ɗakin jarrabawa saboda kashi na biyu na kuɗin makaranta bai cika ba, Baba, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Innata ta ɗauki adashinta tun kafin zagayenta ya zo, ta haɗa da ƴan kunnenta na zinari. Na gama dai, ina aiki yanzu a wani kilinik, amma a nemi komai a rubuce kafin a ba da ko tamma.

Ɗan Adar a Harobanda

Kawu, kuɗin makaranta ma shi ne mai sauƙi, tunda an san adadinsa. Zaman Yamai shi ne rijiya. Mu uku muke ɗaki ɗaya, jikka 30 a wata, ban da ruwa da wuta. Taksi zuwa da dawowa in za ka ƙetare gadar Kennedy, abinci, kati na waya don a turo maka darasi ta WhatsApp. Ni namiji ne, in ta ƙure gari da ƙuli ya ishe ni, amma ban taɓa kashe ƙasa da jikka 40 a wata ba. Ka ninka sau 9, watannin karatu, ka gani. Ita kuma mace ce, tambayar farko ita ce gidan wa za ta zauna.

Malamin lise mai ritaya, Yamai

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Shekara da shekaru ina rakiyar ƴan bak da takardunsu, kuma ruɗanin duk daga kalma ɗaya yake. Abu uku ake kira bursi a ƙasar nan, alhali ba danginsu ɗaya ba.

Akwai na gwamnati, wanda ake ajiye dosiye a ANAB, hukumar ba da bursi ta ƙasa. Wannan kuɗi ne da ke shiga hannun ɗalibi, kuma ana duba maki da shekarun haihuwa. Akwai na ƙasashe abokan hulɗa, irin su Aljeriya da Maroko, wanda yawanci masu manyan maki ke samu; a darajojin bak, maki 12 shi ne asebiyan, 14 biyan, 16 tarebiyan, kuma a nan ne ake fafatawa. Sai na uku, wanda aka kira ɗiyarka a kansa. Wannan rangwame ne kawai, babu wanda zai miƙa mata kuɗi. Ba haram ba ne, ba kuma lalle yaudara ba ce, amma sunansa ragi.

Ni abin da ya fi damuna ba tsadar ba ce, takardar da za a ba ta a ƙarshe. Na ga yaro ya yi shekara uku, ya zo konkur na shiga aikin gwamnati aka ce ba a san diplom ɗinsa ba. Saboda haka ka ce su nuna maka izinin buɗe makarantar, da izinin wannan fannin kansa, don sau da yawa makaranta na da izini amma sabon fannin da ta buɗe bai da shi. Ka tambaya ko CAMES ta amince da diplom ɗin. Ita ce majalisar da ke tantance takardun manyan makarantu na ƙasashenmu masu Faransanci. A nan Yamai aka kafa ta a 1968, ko da yake mazauninta na Wagadugu. Tunda kuma lafiya ce, ka tambaye su ɗalibai nawa suka kai jarrabawar ƙasa bara, nawa suka ci. In suka fara kame-kame, ka sa takalminka.

Wani abu kuma, me ya hana ta gwada makarantar lafiya ta gwamnati? Akwai ENSP Damouré Zika a Yamai, akwai ta Damagaram. Ku shirya takardun tun yanzu: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, da kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, amma shi kaziye kada a yi gaggawar cire shi, wata uku yake yi ya mutu.

Ma'aikacin banki, Bobiyel

Malam, da girmamawa, kada mu sa Alhaji ya ɗauka duk makarantar kuɗi tarko ce. Ni a ta gwamnati na fara. Tsakanin yajin aikin malamai da na ɗalibai, sai da na yi kusan shekara biyu ina aji ɗaya, shekara na hawa kan shekara. Yayana ya ce ya isa, ya mai da ni ta kuɗi, karatun dare, da rana ina tsaron shagonsa a Katako. Lisansi, digiri na farko, shekara uku ne, kuma shekara ukun cif na yi na fito. Abokaina da muka fara tare wasu sun biyo bayana da shekara biyu. Lokaci ma kuɗi ne.

Sai dai ba zan ɓoye ba, abin ba na talaka ba ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne tun farkon 2024. Ko mutum bai ci bai sha ba, jikka 504 ke nan a shekara, bai kai kuɗin da aka rubuta wa ɗiyar Alhaji ba. Ni da ba yayana, da ban ga ƙofar wurin ba.

Uwar marayu, Tawa

Alhaji, ni ba boko na yi ba, ɗiyata ce ke rubuta mini wannan. Ka ce a faɗi gaskiya, to ga tawa.

Yaron wajena ya tafi Yamai karatun lissafin kuɗi, shi ma da rabin nan. Ƙanen mahaifinsa da ke bida a Abijan shi ya ɗauki nauyi, ya ce ko nawa ne. Kun san mu mutanen Adar, rabin gidajenmu da kuɗin ƴan bida suke tsaye. Shekara ta fari lafiya lau, kuɗi na zuwa kan kari. Ta biyu ma haka. Ana shiga ta uku ciwo ya kama shi can, shago ya rufe, shi kansa sai da anka yi mashi karo-karo ya dawo gida. Munka sai da tumaki huɗu da nike kiwo, munka biya kashi na fari. Na biyu ya gagara. Sunka bar shi ya zauna aji, don Allah ya sa yana da ƙoƙari, har ya rubuta jarrabawa, amma sunka ce ba sakamako ba takarda sai an cika jikka 180.

Yau shekara biyu ke nan takardar na wurinsu. Yaro ya yi karatun, ya ci, ba shi da abin nunawa. Ko aikin sabis sibik, hidimar ƙasa, bai iya nema ba. Kabu-kabu yake yi nan cikin gari, yana tara kuɗin da kaɗan-kaɗan, saura jikka 55. In ya ɗauko tsoffin abokansa na lise sai ya ja hula ya rufe fuska. Ban ce makarantar ta zalunce mu ba, bashi ne, mun ci. Kuskurenmu shi ne mun lissafa shekara ɗaya, mun dogara ga mutum ɗaya. Ka lissafa ukun duka, ka tambayi kanka in albasa ta faɗi warwas shekara guda, kamar yadda takan yi, wa zai biya.

Ɗalibi a Turkiyya

Allah ya kawo mafita, Inna, labarin nan ya taɓa ni.

Baba, ni cikakken bursi na samu na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları. Suna biyan kuɗin makaranta, wurin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi, da kuɗin kashewa duk wata, kuma shekarar farko harshen Turkanci ake koya. Ta intanet ake nema, wajen Janairu zuwa Fabrairu, kyauta ne. Na maimaita, kyauta ne, don wani abokina ya ba wani mai "hanya" jikka 150, har yau ba mutumin ba labarinsa. Sharaɗin lisansi shi ne kada a kai shekara 21, maki kuma kashi 70 cikin 100, fannin likita da haɗa magunguna kashi 90. Da maki 11 gaskiya da wuya, gara in faɗa maka. Na rubuta ne saboda ƙannenta da ke tafe, a fara matsa masu tun daga aji na biyu na lise. Akwai kuma na gidauniyar Mastercard a makarantar injiniya ta 2iE a Wagadugu da jami'ar Ashesi ta Gana, ita Ashesi da Ingilishi ake karatu. Da yawanmu Faransa muka sa a gaba da, to tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da dakatar da biza, kowa ya juya wani wajen.

Tsohon akawu a wata makarantar kuɗi

Alhaji, ni na zauna a bayan tagar karɓar kuɗi shekara huɗu, bari in ba ka na ciki. Lambar ɗiyarka ba aljani ya ba su ba. Ana zagaya lise-lise kafin bak a raba takardu yara su cike. Ita makaranta haya take biya, malamai da yawa kuma awa-awa ake biyansu, wasunsu ma malaman jami'ar gwamnati ne da ke zuwa da yamma. Kujerar da ba kowa asara ce, shi ya sa ragi ke da sauƙin samu a watan Satumba da Oktoba. Cikakken bursi na gaske akwai shi, amma a wurinmu bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a shekara, marayu ko wanda ya zo da maki na ban mamaki.

Ka je da kanka, kada ka aiki yarinya. Ka nemi ganin mai makarantar, ba sakatare ba. Ka ce a rubuta maka jimillar shekara uku, da duk ƙananan kuɗaɗen, da cewa ragin zai tsaya har ta gama ko da maki ya sauka, a sa hannu a buga hatimi. Ka nemi biya wata-wata maimakon kashi uku. Yawanci ana yarda, ba a dai tallata shi. Kuma kowane resi ka adana shi kamar takardar gona, na sha ganin rigima a kan kuɗin da aka biya aka rasa shaida.

Mai sayen albasa, Tawa

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya buɗa wa yaron nan, in ya ga dama ya neme ni tashar albasa ranar Lahadi.

Na bi motar dare na tafi Yamai, ta Konni da Dutsi da Doso, na iso da safe. Na yi yadda akawu ya ce. Da anka rubuta komai da komai, jikka 300 ta koma jikka 415 a shekarar fari, ukun duka miliyan 1 da jikka 310, ban da ci da kwana. Izinin makaranta sun nuna mini. Na fannin laboratuwar sunka ce yana hanya, na ungozoma kuwa akwai shi a hannu. Batun ragin ya tsaya shekara uku, mai makarantar ya ce sai ya yi shawara, in kira shi Alhamis. Ban ba da ko dala ba tukuna. Yarinya za ta ajiye takardunta a ENSP kamar yadda Malam ya ce, mu ga abin da Allah zai yi. Gwaggonta da ke Talaje ta ce ɗaki akwai, sai dai makarantar na can wani gefen gari. Wanda ya san nawa faba-faba, ƙananan motocin haya, ke ɗauka daga Talaje zuwa Lazare da safe, ya taimaka mini da shi kafin Alhamis.