Kirci a jikin yaro da hunturu: darbejiya ko man kaɗe?

Maman Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa. Kirci ya tashi wa ɗana mai shekara 4 a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, yana susa har jini. An ce in dafa ganyen darbejiya in riƙa yi masa wanka. Me kuka gani?

Hajiya Aboabo: Wa alaikumus salam. Man kaɗe, 'yata. Ɗanye, wanda ba a zuba wa turare ba.

Malam Nasiru: Maman Sadik, ki dakata da darbejiyar. Fatar mai kirci ba ta riƙe damshi, kuma ruwan ganye mai ƙarfi a kan fatar da ta tsage zafi yake ƙarawa. Abin da Hajiya ta faɗa shi ne, amma da ƙa'ida. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, wankan kada ya wuce minti 10. Ki ajiye soson raga. Ki daddanna jikin da tawul, kada ki goge, sannan cikin minti 3, tun fatar da sauran danshi, ki narkar da man a tafin hannu ki shafa da kauri. Sau biyu a rana aƙalla, da hunturu a ƙara. In yana tsananin susa, ki niƙa oats kofi ɗaya ya yi laushi kamar gari, ki dama a bahon, ruwan ya koma fari-fari, ya zauna ciki. Ki yanke masa farce.

Anti Rabi: Man kwakwa ɗanye ma yana yi, yana rage ƙwayar cutar da ke zama a kan fatar. Man zaitun ne kada a sa, yana ƙara raunana fata.

Baba Alhasan: Zaitun ɗin? Haba Rabi.

Anti Rabi: A ci, Baba. Ban ce kada a ci ba.

Malam Nasiru: Duk sabon abu a fara gwadawa a cikin damtse, ɗan wuri kaɗan, kwana 2. Alobera kuma a tsayar da ganyen bayan an yanka, ruwan rawayan nan ya tsiyaye tukuna, shi ke ƙona fata. Tafarnuwa da lemun tsami kuwa babu su ko kusa.

Hajiya Aboabo: Sabulun salo fa?

Malam Nasiru: Yana busar da fata sosai, Hajiya. Ba na mai kirci ba ne.

Zuwera Asawase: Ku yi hattara da haɗin kwalba marar takarda da ake tallarsa a kasuwar Kejetia ta Kumasi. In kirci ya ɓace cikin kwana 2, da wuya babu maganin steroid mai ƙarfi irin clobetasol a ciki. Fata ta yi siriri, a daina, ya dawo fiye da da. A duba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. In ruwa yana tsattsafowa, ko ɓawo mai ruwan zuma ya fito, ko zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, sai asibitin Komfo Anokye.

Anti Rabi: Man kaɗen fari za ta saya ko rawaya?

Hajiya Aboabo: Fari. Rawayan saiwar borututu ake zubawa.

Baba Alhasan: Man kaɗen garin Wa ya fi na Tamale.

Zuwera Asawase: To, Baba ya fara. Surukansa ne a Wa.