Neman shawara: yaya zan fahimtar da ɗalibaina abin da ke ƙona rokar Starship in tana dawowa?

Mushen fizik, Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koyar da fizik a ajin ƙarshe na wani lise nan Damagaram. Yarana sun ga bidiyon rokar Starship ta kamfanin SpaceX, wadda fiffikenta ke narkewa tana faɗowa, sai suka tasa ni gaba da tambayoyi. Biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Ta farko, me ya sa ba ta ƙonewa in za ta tashi, sai in za ta dawo? Ta biyu wata yarinya ce ta yi ta: tun 1969 mutane suka je duniyar wata suka dawo lafiya, to me ya sa yau ake ta fama da abin da aka riga aka gama? Na yi musu alkawarin darasi ranar Asabar. Ɗakin gwaji babu, allo ne da alli, kuran ma sai ya ga dama. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Tsohon ɗalibi, yanzu injiniya a Yamai:
Wa alaikumus salam Mushe, Allah ya ƙara girma. In kun yarda, ku fara da lissafin da suka riga suka sani, don yana cikin abin da za su tarar a jarrabawar bak. Abin da ke kewaya duniya yana gudun kusan mita 7,800 a daƙiƙa. Ku sa su lissafa makamashin motsi na kilo ɗaya tak: rabin nauyi sau gudu sau gudu. Za su samu kusan jul miliyan 30 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Narkar da kilo ɗaya na ƙarfe kuwa bai kai jul miliyan 2 ba. Ku tsaya nan ku bar su da mamakin, don su da kansu za su ce ashe kamata ya yi ta narke ƙurmus. Abin da ya cece ta shi ne mafi yawan zafin iska ce ke kwashe shi.

Tambayar farko kuma amsarta gajera ce. Wajen tashi, rokar a hankali take tafiya cikin iska mai kauri, kafin ta yi gudu sosai ta riga ta fice. Wajen dawowa da gudun duka take shigowa, kuma ba ta da man da za ta taka birki da shi. Iskar ce birkin.

Abu ɗaya dai Mushe, kada ku ce musu gogayya ce kawai, ko da wani littafin ya faɗa. Matsewa ce ta fi. Iskar da ke gaba ba ta samun damar kaucewa, sai ta dunƙule ta yi zafin da har ta zama filasma, wannan jan hasken da ake gani. Shi ya sa Starship ba ta shigowa da hanci, cikinta take tarawa, don faɗin jikin ya tura wutar gaba kaɗan. Wani masanin Amurka, Julian Allen, shi ya gano dabarar tun farkon shekarun 1950.

Mai faci, bakin Kasuwar Dole:
Mushe ni ban yi lakwal mai nisa ba, amma wannan matsewar da ƙanena ke faɗi kullum a hannuna take. Ka ɗauki famfon keke, yaro ya toshe bakin da babban yatsa, wani ya danna da sauri. Sai a taɓa gindin famfon, can ƙasa wurin da iska ke taruwa. Zafi za a ji. In wani mai gardama ya ce ai robar ciki ce ke goguwa, a sake bakin a buɗe a danna, ya ji bambancin da kansa. Ka aiko yaro ya ɗauki nawa, a dawo mini da shi kafin la'asar.

Alhaji, Zango:
Ni fa Malam ban ga amfanin ba. Garin da mata ke kwana layin ruwa, sai a zaunar da yara ana ba su labarin attajirin Amurka yana ƙona dukiyarsa a sama? A koya musu abin da zai fisshe su.

Malama mai koyar da lissafi:
Baba Alhaji, Allah ya ja kwana, maganar ruwa gaskiya ce. Amma yaron da ya iya lissafin zafi da matsi, shi ne gobe zai iya aikin injin rijiya. Kuma su suka tambaya.

Mushe, tambayar yarinyar nan ta fi ta farko nauyi, kar ka wuce ta da sauri. Kumbon Apollo, wanda ya dawo da mutanen daga wata, ɗan ƙarami ne, garkuwarsa an yi ta ne don ta ƙone tana zubewa, ta tafi da zafin. Sau ɗaya ake amfani da ita, shi ke nan. Starship kuwa hawa biyu ce, gindi da benen sama, kuma benen saman kaɗai ya kai mita 50, kuma so ake ya sauka, a zuba mai, ya sake tashi. Garkuwar da ke cinye kanta ba ta yi ba ke nan. Sai aka lulluɓe cikinta da baƙaƙen tayil masu kusurwa shida, kusan 18,000, waɗanda za su jure zafin da ya kai digiri 1,400. Amurka ta taɓa gwada irin wannan da kumbonta mai fiffike da ke sauka kamar jirgin sama, amma duba tayil da gyaransu bayan kowace tafiya ya riƙa cin lokaci da kuɗi. A ranar 1 ga Fabrairun 2003 kuma kumbon Kolumbiya, ɗaya daga cikin masu fiffiken nan, ya tarwatse yana dawowa, mutum 7 suka rasu, saboda raunin da gaban fiffikensa na hagu ya samu tun wajen tashi. Ka gaya musu wannan, su san ba wasa ba ne.

Mai walda, hanyar Tanut:
Abin da ni ya fi ɗaure mini kai shi ne liƙa tayil a jikin ƙarfe. Ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya. In an zuba mata ruwan oksijin mai sanyin digiri 183 ƙasa da sifiri, jikin ya tsuke. In ta sha wuta ya buɗe. Ga girgizar injina 33 a ƙasa. Tayil kuwa abu ne mai saurin fashewa, ba ya lanƙwasa. Dole a bar ɗan tsaga tsakaninsu, tsagar nan kuma ita ce ƙofar wuta.

Tsohon ɗalibi, injiniya:
Yaya mai walda ka taɓo inda ke ciwo. Mushe, ga yadda za ku jera musu gwaje-gwajen, don kowanne da irin tasa matsalar. Ranar 14 ga Maris 2024 rokar ta kai sararin samaniya amma ta riƙa juyi, ta kasa tara cikinta, sai gefen da babu tayil ya sha wutar, ta tarwatse a saman tekun Indiya. Ranar 6 ga Yuni 2024, bidiyon da yaranku suka gani ke nan, filasma ta kutsa ta mahaɗar fiffiken gaba tana cin ƙarfen, gutsattsari na tashi har gilashin kyamara ya tsage, amma fiffiken bai daina motsi ba, ta sauka a ruwa a hankali. Bayan haka aka ƙara wata shimfiɗa ƙarƙashin tayil, a sabon ƙirar kuma aka matsar da fukafukan gaba zuwa bayan jiki inda wuta ba ta kai sosai. A Mayun 2025 yoyon mai ya sa ta sake yin juyi ta halaka. A Agusta da Oktoban 2025 ta sauka a teku, duk da cewa da gangan aka cire wasu tayil don a ga iyakar juriyarta.

Kada dai ku bar su da cewa an gama. Gindin rokar an cafke shi da hannuwan hasumiyar da ake harba ta a Teksas tun Oktoban 2024, har an sake tashi da irinsa. Benen sama kuwa, har zuwa gwajin Oktoban 2025, duk wanda ya tsira a teku ya ƙare, ba a sake tashi da ko ɗaya ba.

Alhaji, Zango:
To ai kun ji. Ni dai na faɗi tawa. Amma in darasin da safe ne, jikana zai zo.

Mushen fizik, Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji ƙarfe tara ne, ya zo. Mai faci, zan aiko ranar Juma'a da yamma. Saura bidiyon 6 ga Yuni: wanda yake da shi a waya ya rage masa nauyi ya turo mini, rezon unguwarmu ba ya ɗaukar babba.