Shawarwarin masu bincike kan auna aikin Nrf2

Tambayar da aka tattauna ita ce: yaya mai bincike zai tabbatar ƙwayar halitta ta kunna garkuwarta idan gubar iskar oksijin ta yi mata yawa?

Yawancin masu magana sun ce a fara da Nrf2, furotin ɗin da ke kunna wannan garkuwa. Lokacin lafiya, furotin Keap1 yana riƙe da shi, yana miƙa shi a rushe cikin kimanin minti 20. Da guba ta taɓa wasu sistin (wani nau'in amino asid) a jikin Keap1, kamar na 151, sai rushewar ta tsaya, Nrf2 ya taru, ya shiga cibiyar ƙwaya, ya tada ƙwayoyin gado masu ba da kariya, wato NQO1, GCLM da HMOX1. Shi ya sa aka ce auna mRNA (saƙon da ake gina furotin da shi) ɗin Nrf2 kaɗai ɓata lokaci ne. Furotin ɗin da ke cikin cibiya za a auna. Wannan shawara, a ganina, ta fi kowacce nauyi.

An ja kunne kan ƙwayoyin A549, na kansar huhu da ake gwaji da su: Keap1 ɗinsu ya samu tawaya, Nrf2 a kunne yake kullum. HMOX1 kuma kada a dogara da shi shi kaɗai, domin wani furotin, Bach1, ma yana da hannu a kansa. Don gwajin tabbatarwa, sulforafen, sinadarin da ke kunna Nrf2, aka fi ambata.