Injin CNC na farko a Kumasi: in sayi ƙaramin 3018 ko in haɗa babba a Suame?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum iyayen gida. Ina son in fara sassaƙa da injin CNC, wato wanda kwamfuta ke tuƙa bakin yankansa. Aikin da nake hange shi ne allunan suna na shaguna da masallatai, da rubutun Larabci a kan katako, daga baya kuma adon ƙofofin kabad. Shawara biyu ce a gabana. Wasu sun ce in yi odar ƙaramin nan da ake kira 3018 in koya a kansa, wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce, gara in sa a yi mini walda a Suame Magazine, unguwar masu walda da makanikai, in ɗora rauta a kai, wato injin sassaƙa katako na hannu. Wanne ya fi wa wanda bai taɓa taɓa injin ba? Sannan yaya ake yi da ɗauke wuta a tsakiyar aiki? Wane katako ne ya fi sauƙin farawa? Allah ya saka da alheri.

Masta Kafinta Sokoban:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da duba abin da lambar take faɗa. 3018 na nufin filin aikinsa santimita 30 ne a tsawo, 18 a faɗi, hawa da saukarsa kuma kamar milimita 45. Ƙofar kabad ba za ta shiga ba ko da wasa. Allon suna na ƙofar gida ko na tebur zai shiga. Motarsa ƙaramar nan ce mai lamba 775, juyinta bai wuce 10,000 a minti ba, kuma ba ta da ƙarfi. Da baki mai kaurin milimita 3.175 za ka riƙa cin milimita 0.5 zuwa 1 a kowane zagaye, da gudun milimita 300 zuwa 500 a minti, a katako mai laushi. Yi lissafi da kanka: filawud mai kaurin milimita 18 zai ci zagaye goma sha takwas ko fiye kafin baki ya ɓulla ƙasa. Makaranta ce, ba shago ba.

Amma makarantar tana da amfani, a nan na saba da masu cewa ɓarna ce. Duk abin da babban inji zai tambaye ka yana cikin ƙaramin: sa sifili (wurin da injin zai fara awo daga shi), ɗaure katako, fitar da G-code (umarnin da injin ke bi), zaɓen baki, saita GRBL (manhajar da ke cikin allon lantarkin injin). Bambancin kawai shi ne in ka yi kuskure a 3018 baki ɗaya za ka karya, in ka yi shi da rauta mai wat 700 tana iya jefo katakon a fuskarka.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne gudu. Tsoro yana sa su rage tafiyar injin sosai alhali baki na juyawa da ƙarfi. Sai bakin ya daina yanka ya koma guga, ya yi zafi, katako ya yi baƙi, kaifin ya mutu cikin rana ɗaya. Lissafin ba wuya: juyi a minti, sau yawan haƙoran baki, sau kaurin abin da kowane haƙori zai ɗebo. Misali rautar Makita RT0700C tana juyi daga 10,000 zuwa 30,000, lamba 3 a jikin dayal ɗinta kamar 17,000 ce. Baki mai milimita 6 mai haƙora biyu, kowanne ya ɗebi 0.05, ya ba ka milimita 1,700 a minti. In injinka ba zai iya wannan gudun ba tare da kakkarwa ba, rage juyi ko ka sa baki mai haƙori ɗaya, kada ka bar juyin a sama ka rage tafiya kawai. Alamar da za ka duba tana ƙasa: in ɓarɓashi ne ke fitowa, aiki na tafiya daidai. In gari ne lukui kamar fulawa, ko ka ji ƙauri, bakin guga yake yi. Zurfin kowane zagaye a injin gida kada ya wuce rabin kaurin bakin har sai ka san injinka.

Batun katako: wawa ta fi araha kuma tana da laushi, a kanta za ka koya, sai dai tana tayar da gashi a gefen yanka in bakin ya ɗan dushe, kuma ƙananan haruffa na ɓarewa. Allon da za ka sayar, nemi mahogani ko sapele, sun fi riƙe kaifin harafi. Odum kyakkyawa ce kuma tana jure ruwa da rana, amma wani lokaci akwai farin dutse a cikin jijiyarta da ke cinye kaifin baki, ƙurarta kuma na sa ƙaiƙayi da tari. Kowanne ka saya a kasuwar katako ta Sokoban, kada ka ɗora shi ɗanye. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa bayan an sassaƙa fuska ɗaya, in hunturu ya shigo kuma sai ya tsage. Ka jera shi da tsinke a tsakani a inuwa, in ka samu ma'aunin danshi ka jira ya sauka ƙasa da kashi 15.

Injiniyan Asawase:

Masta ya gama magana a kan yanka, bari in ɗauki ta wuta, don a nan garin ita ce ke cinye aikin awa uku a minti ɗaya.

Na farko, kafin ka biya kuɗin komai duba ƙarfin wutarsa. Wutarmu 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka 120 ne, misali Makita RT0701C, kamanninta ɗaya da RT0700C amma in ka soka ta a bango kai tsaye ta ƙone. Wasu akwatunan wutar injin kuma suna da ɗan makunni a gefe mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka kunna.

Na biyu, in wuta ta ɗauke GRBL yana manta inda baki yake. Maganin shi ne makunnan iyaka guda uku, ɗaya a kowace hanya, X da Y da Z. Ka sa $22=1 a saitin GRBL, duk lokacin da ka kunna ka tura $H injin ya koma gida, wato inda makunnan suke. Sifilin aikinka kuma ka ajiye shi da G10 L20 P1 X0 Y0 Z0, wannan yana zama a ƙwaƙwalwar allon injin ko an kashe. Sifilin da aka sa da umarnin G92 ba ya zama, kada ka dogara da shi. Wuta ta dawo, ka ɗaga baki, ka koma gida, sifilinka na nan, muddin ba ka kwance katakon ba. Dogon aiki kuma ka raba shi fayil-fayil, share fili daban, haruffa daban, yanke gefe daban.

Na uku, kuma mutane da yawa suna yin sa a baibai: su sa kwamfuta da allon injin a kan UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, su bar rauta a wutar bango. Wuta na ɗaukewa rauta ta tsaya, injin kuma ya ci gaba da jan baki a cikin katako. Baki zai karye, aikin ya lalace. Ko dai UPS ɗin ya iya ɗaukar duka har ka danna dakatarwa, ko duka su mutu tare. Sannan ka sa wa rauta makunnin da ba ya tashi da kansa in wuta ta dawo, irin mai kore da ja na injin zarto, don kada ta tashi hannunka na kan baki.

In kuma ka ga injin na tsayawa haka kawai a tsakiyar aiki, manhaja ta ce an yanke haɗi, yawanci hayaniyar wutar rauta ce ke shiga wayar USB. Gajeriyar waya mai rufin ƙarfe da zoben ferayit a bakinta, a raba ta da wayar rauta, a soka rauta a wani soket daban, kuma jikin injin ya samu wayar ƙasa ta gaskiya. Gidajen haya da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba, sa mai wuta ya gwada. Ka kashe barcin laftof ma.

Da ka haɗa injin, gwada awo kafin ka yanka komai. Motocin NEMA 17 taku 200 suke yi a juyi ɗaya. In an raba takun gida 16 kuma sandar zaren tana tafiyar milimita 4 a juyi, lissafin ya ba da taku 800 a kowace milimita, shi ne ake sa wa $100, $101 da $102, wato saitin X da Y da Z. Ka ce masa ya tafi milimita 100 ka auna. In ya tafi 200, sandarka mai milimita 8 ce, sa 400. In ya tafi 50, mai 2 ce, sa 1600. In da'ira na fitowa kamar ƙwai kuwa, ba lissafi ba ne, wani noti ne ya saki ko abin da ya haɗa moto da sanda yana zamewa.

Mai Walda Suame:

Ni ban yarda a hana shi haɗawa ba, amma ba yanzu ba, kuma ba yadda ake yin ƙofar gida ba. Ƙarfe yana janyewa in ya sha zafin walda. Firam ɗin da ido zai ce miƙaƙƙe ne yana iya karkacewa da milimita biyu ko uku, a ƙofa ba komai, a CNC kuwa harafin wannan gefe zai yi zurfi na wancan ko taɓa katako bai yi ba. In za a yi, bututu mai kusurwa huɗu mai kaurin bango aƙalla milimita 3, a ɗiɗɗiga walda tukuna, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu su zo daidai, sannan a cike walda kaɗan-kaɗan ana sauya gefe. Layin dogon da kan injin ke gudu a kai kada a yi masa walda sam, da noti ake ɗaure shi, ana cusa siririn ƙarfe a ƙasa har ya miƙe.

Girman da ya dace da allunan shago shi ne santimita 60 da 90. Motoci NEMA 23, direba irin DM542, sandar zare mai ƙwallaye SFU1605 wadda ke tafiyar milimita 5 a juyi, layin dogo HGR15 ko 20. Waɗannan odarsu ake yi, ƙarfe da walda da fenti ne aikinmu a nan. Cikakken filawud mai ƙafa 4 da 8 sai injin 1325, wannan kuma na masana'anta ne. Kana iya zana ƙofofin kabad ɗinka ka kai fayil wurin masu babban inji su yanka maka, kai ka riƙe ƙananan aikin. Duk injin da ka samu, shimfiɗa MDF, allon garin katako da aka matse, a kan tebur ɗinsa ka bar injin da kansa ya aske fuskar da faffaɗan baki, rabin milimita ya isa. Shi ke sa tebur ya yi daidai da tafiyar baki. A damina MDF na kumbura, sai a sake askewa.

Ɗan Aboabo:

Na gode iyayen gida, Allah ya ƙara basira. Na fahimci zan fara da ƙaramin. Saura rubutun Larabcin: wace manhaja, kuma da wane baki? Sannan ƙaramin allo da me ake riƙe shi in babu wurin sa maƙale?

Masta Kafinta Sokoban:

Rubuta kalmomin a Inkscape, kyauta ce kuma ba ta bukatar intanet. Duba da idonka cewa haruffan sun haɗu kuma sun taso daga dama, sannan ka mayar da rubutun zane, ka narkar da sassan su zama jiki ɗaya. In ba ka narkar ba, inda harafi ya hau kan ɗan'uwansa injin zai ga layi biyu ya bar tsini a tsakiya. Ka ba malami ya duba ɗigo da wasali kafin ka yanka, musamman in aya ce, katako ba ya goguwa. Rubutun boko ma ka tabbata salon harafin da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, da yawa ba su da su. Ka fitar da zanen a fayil ɗin SVG, ka kai Carbide Create ko wata manhajar da ke yin sassaƙar V, ka tura wa injin G-code ɗin ta manhajar Candle ko Universal Gcode Sender.

Bakin kuwa mai siffar V. Digiri 60 ga ƙananan haruffa, 90 ga manya, domin 60 yana nutsewa da zurfi a faffaɗan harafi: layi mai faɗin milimita 10 zai kai zurfin kusan 8.7 da baki 60, amma 5 kacal da baki 90. A 3018 dole ka raba wannan zurfin zagaye-zagaye. Sassaƙar V ba ta yafe kuskuren sifilin Z, don haka sauke baki a hankali kan takarda har ta fara maƙalewa, a nan ka sa sifili. Dabarar fenti: shafa wa allon banish ya bushe, manna tef a fuskar, sassaƙa ta cikin tef ɗin, fesa fenti a ramin haruffa, ɓare tef.

Riƙe ƙaramin allo: tef ɗin takarda a bayan allon, wani a kan tebur, ɗigon gam mai kamawa nan take a tsakanin tef biyun, ka danna rabin minti. In za ka yanke gefen allon gaba ɗaya, bar masa 'yan gadoji huɗu masu faɗin milimita 6 da kaurin 2 don kada ya kuɓuce ya hau baki, daga baya ka yanke su da kurfi. Kuma auna kaurin allon da kanka kafin ka rubuta shi a manhaja, filawud ɗin da aka sayar maka a matsayin 18 sau da yawa 17 ne ko ƙasa. Tabarau da takunkumin ƙura su zo tare da injin, musamman ranar da za ka yanka MDF.