Abin da Dattawa Suka Ce Game da Rabo, Nema da Halin Ɗan Adam

A zaman da muka yi da dattawan unguwarmu bayan sallar La'asar, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta rabo da nema. Wani ya kawo karin maganar nan da ke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, sai wani malami ya gargaɗe mu da kada mu mai da ita hujjar zaman banza, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ya tunatar da mu hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. A ganina, wannan ce shawarar da matasanmu suka fi bukata a yau.

Kan halin mutane kuwa an yi saɓani. Wasu sun tsaya a kan cewa hali zanen dutse ne, saboda haka a san mutum sosai kafin a ba shi amana ko 'ya. Wasu suka ce ƙofar tuba ba ta rufewa muddin rai yana jiki, don haka kada a yanke wa kowa ƙauna. An kuma ja kunnenmu game da yawan magana a lokacin fushi.