Famfon kicin ya ɗauke da asuba: ku da kuka riga mu ganin hunturun ƙasashen nan, ya kuka yi?

Sabon zuwa, Minneapolis

Assalamu alaikum jama'a. Wannan ne hunturuna na farko a Amurka. Yau da asuba na tashi zan ɗora ruwan shayi, na murɗa famfon kicin, ko ɗigo babu. Na banɗaki kuwa yana zuwa lafiya lau. Waya ta nuna sanyi ya kai 24 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyas. Maƙwabcina ya ce ruwan cikin bututu ne ya daskare. Na kira mai gidan da nake haya, bai ɗauka ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne in kunna ɗan risho a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko zai narke. Tun shekaranjiya ma ruwan wanke-wanke ba ya wucewa da sauri. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Mai gyaran famfo, Toronto

Wa'alaikumussalam. Ƙanina, ajiye rishon nan, kada ka kusantar da harshen wuta wurin. Bayan kabad ɗin katako ne da soson tare sanyi, wuta na iya cin cikin bango ba ka gani ba. Kafin komai nemo babban makullin ruwan gidan, galibi yana ɗakin ƙasa kusa da mita, ka tabbatar yana murɗuwa. Sannan ka bar famfon a buɗe, ka wangale ƙofofin kabad, ka samo na'urar busar da gashi ka riƙa hura wa bututun, ka faro daga bakin famfo kana yin baya. Ka tura wa mai gidan saƙo a rubuce, da hoto. Ina kan aiki, zan dawo.

Maman yara, Houston

Ka ji maganar Malam a kan makullin nan, ɗana, domin rashin saninsa ne ya ci mu a Fabrairun 2021. Mu nan Texas ba a gina gidaje don sanyi ba, bututun ruwa ta cikin silin yake bi, ba wani rufi a jikinsa. Aka ɗauke wuta kwana uku, gida ya zama kamar firji. Ni da yara muka tare a ɗaki ɗaya da duk bargon da muka mallaka. Ruwa ya tsaya, muka ɗauka idan gari ya yi ɗumi zai dawo, shi ke nan. Ashe bututu ya riga ya tsage a sama, ƙanƙara ce ta toshe tsagar. Ranar da rana ta fito, ina kicin na ji ƙara kamar an juye randa. Silin falo ne ya rufto, ruwa na kwarara a kan kujeru. Maigida yana wurin aiki, ni kuwa shekara shida a gidan ban taɓa tambayar inda ake kashe ruwa ba. Sai da maƙwabci ya zo da wani dogon ƙarfe ya buɗe ramin mita a bakin titi ya rufe. Kafin nan ruwa ya kai idon sawu.

Abin da har yau nake gode wa Allah a kai shi ne gawayi. Muna da shi na gashin nama, kuma a dare na biyu na yi niyyar in shigo da shi ɗaki kamar yadda muke jin ɗumi a gida lokacin hunturu. Babbar 'yata ce ta hana. Ɗakunanmu na gida iska na shiga ta ko'ina, na nan kuwa a toshe suke ruf. A makon nan an kai ɗaruruwan mutane asibiti a yankin Houston saboda gubar hayaƙin gawayi da janareto da motar da aka kunna a gareji, wasu ba su tashi ba. Hukumar lafiya ta jihar ta ce mutum 246 ne suka rasu sanadiyyar sanyin gaba ɗaya. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu.

Dattijo, Winnipeg

Amin, Hajiya. Namu ya sha bamban. A 2014 ba na cikin gida ne ya daskare ba, wanda ya taso daga titi ne, a ƙarƙashin ƙasa. Sanyi ya daɗe har ƙasa ta daskare zurfin sama da mita biyu, gidaje fiye da dubu biyu suka rasa ruwa a birnin. Babu na'urar busar da gashi da za ta kai can. Muka shiga layin jiran ma'aikatan birni, makonni muna ɗauko ruwa a jarkoki. Daga baya aka ja mana tiyo daga famfon wajen maƙwabcinmu, aka ce mu bar ruwa na zuba siriri dare da rana don kada tiyon ma ya daskare. Abin da ya ba ni mamaki, har gari ya fara ɗumi, dusar ƙanƙara ta narke a sama, bututu na ci gaba da daskarewa a ƙasa. A lokacin na koya wa jikokina alwala da rabin buta.

Ɗalibi, Manchester

Baba, ni barin famfo na zuba ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ya za a yi mutum ya kwanta yana jin ruwa na tafiya a banza? Ba almubazzaranci ba ne?

Nawa labarin gajere ne. A ƙarshen Fabrairun 2018, lokacin sanyin da ya taso daga gabas ya rufe Birtaniya, boilarmu, wato na'urar da ke ɗumama mana gida da ruwa, ta mutu cikin dare. Ashe wani siririn bututun roba ne da ke fitar da ruwanta waje ya daskare. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, muka zuba masa daga waje, muka sake kunna ta, ta tashi.

Dattijo, Winnipeg

Ɗana, na fahimce ka, ni ma raina bai so ba. Amma ka auna ɗigon dare ɗaya da abin da ya zuba a falon Hajiya. Kuma ba duk hunturu ake yi ba, darare ne 'yan kaɗan, ga famfon da ke jikin bangon waje. Ni bokiti nake tarawa, da safe a yi wanki da shi.

Mai gyaran famfo, Toronto

Na dawo. Bari in ɗan yi bayanin ɗigon, domin mutane da yawa sun ɗauka don ruwa ya riƙa motsi ne kawai. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar na girma tana tura sauran ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe, shi kuwa ba shi da wurin zuwa. Matsin nan ne ke fasa bututu, shi ya sa sau da yawa tsagar ba a wurin ƙanƙarar take ba. Famfo a buɗe, matsi ya sami mafita.

Amma kai ƙanina ka ce magudanarka na jan jiki. To kada ka bar ɗigo ka yi barci sai da bokiti a ƙasa, don idan ta toshe gaba ɗaya ruwan a ƙasan kicin zai kwana. Kuma kada ka zuba mata ruwan guba na buɗe magudana. Idan bai wuce ba a nan zai tsaya, ni da zan zo in kwance bututun shi zai zubo mini a hannu da fuska.

Aikin da na fi yi wa mutanenmu shi ne na watan Janairu. Mutum zai tafi gida biki a Disamba, ya kashe komai kamar yadda muka saba, har da hita, don ya rage kuɗin gas. Wani ɗan'uwa ya yi mako biyar, ya dawo ya tarar ruwa ya yi kwanaki yana zuba daga bene zuwa ɗakin ƙasa. Kamfanin inshora ya fara da tambayarsa wa ke leƙa gidan da ba ya nan. Babu. In za ku yi tafiya ku bar hita a kan 13 aƙalla a ma'aunin Selsiyas, ku rufe babban makullin ruwa, ku buɗe famfuna ruwan ciki ya tsiyaye, ku ba wani amintacce makullin gida. Tiyon ban ruwa na waje kuma a cire shi tun kaka.

Ma'aikaciyar jinya, Edmonton

Ni ta magudana zan yi magana, don ita ce ta sa ni kuka. Kowa ya san yadda manja ke yin barci a kwalba da sanyin hunturun gida. To haka yake yi a cikin bututu, shi da kitsen rago da man suya. Shekara biyu ina juye ragowar miya a wurin wanke-wanke ina bin ta da ruwan zafi, ina ganin ta tafi. Ashe tana zuwa inda bututu ya yi sanyi take kwanciya. Ga takardun goge jarirai da ake jefawa a masai, wai kwalinsu ya ce suna narkewa.

Wani dare injin wanki na juye ruwa, sai na ji wari. Na sauka ɗakin ƙasa na ga ruwan ƙazanta na ɓulɓulowa ta ramin magudanar da ke daɓe. A ɗakin muke salla, a nan yara ke karatun allo ranar Asabar. Sallaya, kafet, kwalin littattafan addini da ke ajiye a ƙasa, duk najasa ta taɓa. Kafet dai sai yankewa aka yi aka zubar. Littattafan ne suka fi yi mini ciwo, akwai waɗanda mahaifina ya ba ni da hannunsa. Sai a ranar na san inshorarmu ba ta haɗa da dawowar ruwan masai ba, ƙari ne da ake saye daban. Yanzu gwangwani nake tara mai a ciki, ya daskare in jefa a shara, kuma babu takardar da ke kwana a ƙasa a ɗakin nan. Mun sa an saka mana murfin da ke hana ruwa dawowa ta baya.

Ɗalibi, Manchester

Sannu Anti, Allah Ya mayar da alheri. Ko a Landan a 2017 an ciro dunƙulen kitse da irin waɗannan takardu mai nauyin tan 130 daga magudanar unguwar Whitechapel.

Sabon zuwa, Minneapolis

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na sami makullin, yana bayan tukunyar ruwan zafi, na ɗaura masa jan ƙyalle, na kuma nuna wa matata. Na ari na'urar wurin matar maƙwabci, na yi kusan minti 40 ina hurawa. Da farko famfon ya yi tari, ya fara ɗigo, yanzu ruwa ya dawo. Na bi bututun da hannu har ɗakin ƙasa, ban ji danshi ba. A bayan kabad na ga wata 'yar kafa da iska ke shigowa, na cusa mata tsohon tawul kafin mai gida ya zo. Ya amsa saƙon, ya ce gobe da safe zai turo a duba magudanar. Anti, mu ma muna juye mai a wurin, yau mun daina. Malam, daren yau an ce sanyin zai fi na jiya: in bar na ruwan zafi ma yana ɗigo, ko na sanyi kaɗai ya isa?

Mai gyaran famfo, Toronto

Duka biyun, ƙanina, tunda bango ɗaya suka bi. Bokitin ya zama babba, ka juye shi a banɗaki kafin ka kwanta, ka sake dubawa idan ka tashi sallar asuba.