Neman kalmar Hausa: me za mu kira "off-road"?

Salamu alaikum jama'a. Kwana uku kenan da na jefa tambayar nan, na ce me za mu kira abun nan da Turawa ke cewa off-road, wato tuƙin da ake sakin hanya gaba ɗaya a faɗa yashi ko taɓo ko kan duwatsu, da kuma irin motocin da ake zaɓa ko a zauna a haɗa su musamman saboda shi. Amsoshi sun zo da yawa Allah ya saka da alheri, na karanta duka har da na masu cewa a bar shi of-rod kawai tunda kowa ya gane. Ni dai ban yarda kowa ya gane ba, kuma dalilin da ya sa na nace kenan, don rashin sunan nan shi ke sa mutum ya sayi mota mai tudu yana zaton ko'ina za ta shiga, sai ranar da ta kafe ya gane tsayi daban aiki daban.

Amsar da ta fi yawa ita ce jif. To jif ɗin nan daga Jeep muka samo ta, ƴar ƙaramar motar sojan Amurka da aka fara ƙerawa a 1941, kamfanonin Willys da Ford suka fitar da sama da 600,000 kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare. Waccan kam ta cancanci sunan, tayoyi huɗu na ja, ba nauyi, ba ƙyale-ƙyale, kuma ita ce Land Rover ta 1948 da Toyota BJ ta 1951 wadda ta koma Land Cruiser a 1954 suka kalla suka taso. Amma fa yau jif a bakinmu ta zama sunan siffa, duk motar da ta ɗan yi tudu tana da ƙofa a baya mun ce jif, alhali da yawansu tayoyin gaba kaɗai ke ja, ba su da shasi daban da bodi, in ka leƙa ƙasansu ƙaramar mota ce aka sa wa doguwar riga. Sannan ga Hilux ba mai ce mata jif, ga Unimog ta Mercedes wadda babbar mota ce, ga babura, duk suna wannan aikin. Kun ga jif ta kwaso waɗanda ba su ciki ta bar waɗanda ke ciki.

Wasu sun ce fowil, wasu ogzilari. Waɗannan sunan kayan aiki ne da ke jikin motar, zan dawo kansu. Ba ka cewa zan je fowil ranar Asabar.

Wani ɗan'uwa ya kawo bar-kwalta, gaskiya ta yi min daɗi a kunne da farko, har na kwana da ita. Da na sake dubawa sai na ga burji ma ba kwalta ba ce amma hanya ce cikakkiya, an share an daddale, ƙaramar mota na bi lafiya lau in ban da gargada. Abun da muke nema ya fara ne daga inda aikin greda ya ƙare. Motar daji kuma da wata baiwar Allah ta kawo, ma'anar ta yi kusa sosai, matsalarta biyu, kunne yana jin wani abu daban yanzu in aka ce na daji ko ƴan daji, sannan ba aikatau a cikinta, ba ta nuna motsi.

Saura biyu suka rage min, keta-daji da ratsa-daji. Dukkansu ginin Hausa ne tsantsa, irin na share-fage da dafa-duka da fasa-ƙwauri, aikatau a gaba abun da aka yi wa aikin a baya, ba sai an koya wa kowa yadda zai furta ba. Keta ta fi ƙarfi, kana jin ta kana ganin mota tana yaga ciyawa. Amma ku duba yadda muke rubutu a waya, yawancinmu ba ma sa ƙugiya, keta da ƙeta duk abu ɗaya suke fitowa, ka rubuta yan keta daji wani ya karanta masu mugunta. Kuma akwai abun da ya fi wannan damuna, keta tana ɗauke da ɓarna a cikinta, alhali masu wannan tuƙin na gaskiya ƙa'idarsu ita ce ka bi sawun da aka riga aka bi, kar ka tattake gonar wani ko ka farfasa gaɓar rafi. Ratsa kuwa shiga ne ta tsakiya a fita ta ɗaya gefen, kuma ai manufar kenan, ka shiga ka fita da motarka lafiya. Ga ta kuma ƴar'uwar ratse ce, wadda dama muke faɗa in mota ta saki hanya. Don haka ni ratsa-daji na tsaya a kai.

Malamin da ya ce sahara ba daji ba ce kuma kan dutse ba daji ba ne, Allah ya gafarta Malam na ji wannan gyaran kuma na yi tunani a kai. Abun da zan ce shi ne daji a Hausa ba sai da itatuwa ba, duk inda gari ya ƙare gona ta ƙare daji ne, in mota ta lalace maka a fili fetal ba ko inuwa ai cewa kake ta mutu mana a tsakiyar daji. Ku gwada ta da tseren Dakar, wanda ya tashi daga Paris a ƙarshen Disamba 1978 ya ratsa sahara, ya koma nahiyar Amurka ta Kudu a 2009, yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yi. Tseren ratsa-daji na Dakar. Ni ban ji ta yi tuntuɓe ba. Motar ratsa-daji, tayar ratsa-daji, ƴan ratsa-daji, ya haɗa ta don ratsa-daji, wannan jif ce amma ba ta ratsa-daji ba ce. Jimlar ƙarshen nan ita nake nema tun farko, da of-rod ba na iya faɗa wa kawuna ita ya gane.

To tunda an samu uwa bari a nemi ƴaƴan, don mai zaɓar mota ko mai gyara ta da su zai yi magana.

Ogzilari a bakin mutane ta haɗe abu biyu. Akwai sa tayoyi huɗu su ja kawai, wanda ake rubuta 4H a jikin liba ko maɓalli, akwai kuma 4L wanda ke rage gudun ya ninka ƙarfin, a yawancin motoci ninki biyu zuwa biyu da rabi, a Wrangler Rubicon ta kamfanin Jeep har ninki huɗu. Na biyun shi ne ainihin abun da ke raba motar ratsa-daji da mai kama da ita. Na ba da shawarar a bar fowil ga na farko, na biyun a ce giyar rarrafe, don abun da motar ke yi kenan, ka ɗaga ƙafa daga totur tana hawa dutse a hankali kamar yaro mai koyon tafiya, ba ƙona kuloci ba fizga. In ka je sayen mota tambaya ɗaya ta isa, tana da giyar rarrafe? Af, kuma dan Allah mai motar da ake sa wa fowil da hannu kar ya bar ta a ciki kan busasshiyar kwalta, gaba da baya a ɗaure suke, a kwana ba inda bambancin gudun zai fita sai ya taru a farfela da giyabos.

Wanda ya fi cin min lokaci shi ne dif-lok, bari in faɗi abun da na gani da idona don a gane me muke raɗa wa suna. Wata rana muna tsallaka wani kwazazzabo a karkace, motar gabanmu tayar gaba ta hagu ta ɗaga sama ta baya ta dama ta faɗa cikin laka, direban yana fowil yana giyar rarrafe yana taka totur, tayar saman nan tana ta juyi a iska kana ganin hasken rana ta ƙarƙashinta, ta lakar tana feso mana taɓo, biyun da suke kan ƙasa mai tauri kuwa ko motsi. Mota mai jan huɗu ta koma ba ta jan ko ɗaya. Dalili shi ne ƙullutun nan da ke tsakiyar aksul wanda ake ce wa dif, aikinsa ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, wanda abu ne mai kyau a kan hanya, amma ƙarfin da zai ba tayar da ta kama ƙasa ba ya wuce wanda tayar da ke santsi ta iya riƙewa. Motar bayanta tana da dif-lok, direban ya danna muka ji ƙas, ta bi ta wuri ɗaya taya ɗaya a sama ta wuce kamar ba komai, saboda tayoyin bayan biyu sun zama kamar an haɗa su da sanda ɗaya.

Ni ja-tare na fara kawowa. Wani makaniki cikinmu ya ce yallaɓai ja-tare za a ɗauka fowil kake nufi, tunda shi ma tare ake ja, a ce makullin aksul kawai don mu a wurin aiki in ka faɗi haka ba wanda zai tambaye ka. Maigida gaskiyarka, na janye tawa. Makullin baya, makullin gaba, makullin tsakiya, G-Class ta Mercedes ta yanzu duka ukun take da su. Kuma sunan yana tuna maka abun da ya kamata, duk abun da aka kulle sai an buɗe, in ka fita daga wurin ka manta makullin gaba sitiyari zai ƙi juyuwa.

Sai giran kiliyaras, wato nisan da ke tsakanin ƙasan mota da ƙasa. Tsayin ciki ba zai yi ba don cikin mota wurin zama ne. Na ce tazarar ƙirji, tunda in mota ta hau tudun yashi ta zauna tayoyi na lilo cewa muke ta zauna a ƙirji. Suzuki Jimny ta 2018 tazarar ƙirjinta milimita 210 ce kuma nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, shi ya sa take wuce inda manya ke nutsewa. A nan ne masu gyara suka fi ruɗuwa wallahi, mutum ya canza safirin da shokazoba ya ɗaga mota inci huɗu yana murna, amma in aksul ɗinsa sanda ɗaya ce ƙullutun tsakiyar nan yana nan inda yake bai ɗaga ko kaɗan ba, bodi da shasi kawai suka hau. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, kuma rabin abun da ka ƙara kake samu, daga taya mai inci 31 zuwa mai 33 inci ɗaya tak. A kan inci ɗayan nan ka ƙara nauyi, birki ya ragu, giya ta yi nauyi a hawa, agogon gudu ya koma nuna ƙasa da abun da kake yi, nauyin motar kuma ya koma sama ta fi saurin kifewa a gefen tudu. Unimog ta kauce wa wannan ne da sa wasu giyoyi a bakin kowace taya, aksul ɗin ya zauna sama da tsakiyar tayar. Ni in za a bi tawa ɗagawa ta tsaya a inci biyu, a sa taya mai kyau, sauran ƙoƙarin ya tafi kan makullin baya da farantin kare ƙasan inji.

Winci, wato injin naɗe igiya da ake ɗaurawa a gaban mota, na ce ja-kanki, tunda janwe wata motar ce ke zuwa ta ja ki, wannan kuwa ke da kanki ne da igiyarki da bishiya ko wata mota a gaba. Ba wanda ya yi musu. Sinokel, bututun nan da ke hawa gefen gilashin gaba, hancin sama ya samu karɓuwa nan take. Abun da zan ƙara kawai shi ne hancin sama ba ya mai da mota kwale-kwale, yana hana inji shan ruwa ne wanda in ya sha sandunan fistin ke lanƙwashewa, yana kuma shaƙo iska mai ƙarancin ƙura, amma wayoyin wuta da aksul da giyabos suna nan a ƙasa kowanne da ƙofar da ruwa zai shiga. Rage iskar taya a yashi kuwa ba ya buƙatar sabon suna, sassauta iska muke cewa, daga talatin da wani abu a ma'aunin iska a sauko wajen 18 tayar ta baje ta yi tsawo a ƙasa, kawai a tuna a mayar kafin a hau kwalta.

Guda ɗaya ta gagare ni har yanzu. Akwai kusurwar da ke tsakanin tayar gaba da leɓen bamba, ita ke nuna irin tudun da mota za ta tunkara ba tare da ta daki hanci ba, akwai irinta a baya wadda ke nuna ko za ta ja gindi a sauka, kuma saboda su ne ake yanke bamba ko a sa na ƙarfe gajere. Na gwada kusurwar tunkara da kusurwar sauka, sun yi min kama da darasin lissafi, ba na jin direba zai faɗe su yana tsaye a bakin kwazazzabo. Makanikai da direbobin da ke cikinmu, in mota ta soki ƙasa da bamba tun taya ba ta taɓa tudun ba, me kuke cewa?